Muryar Baba Tana Kan Faifai Ɗaya

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha ɗaya ina ɗakin masu haihuwa, kuma ban da kunna waya da kashe ta ban san komai a kan na'ura ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka gwaninta ce ta sa na durƙusa gaban tsohuwar kwamfuta da hantsaki a hannu. Dole ce ta sa ni.

Babanmu kafinta ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana yanka katako yana surutu, don shi bakinsa da zartonsa tare suke aiki. In ka zo karɓar kujera sai ka ji tarihin bishiyar da aka yi ta da ita, da na mai bishiyar, da rigimar da mai bishiyar ya yi da surukinsa. Yayana, wanda aiki ya kai ƙasa mai nisa, shi ya ga bai kamata wannan baki ya tafi a banza ba. Duk hutun da ya zo sai ya ajiye waya a gaban Baba ya tsokano shi da tambaya ɗaya, shi kuwa dama ƙiris yake jira. Cikin shekara huɗu aka tara hira ɗari biyu da goma sha biyu.

Yaya ya zuba su a wata tsohuwar kwamfuta da ya gyara ya mayar da ita ma'ajiyar gida, muna ce mata Rumbu. Faifan ajiya biyu ne a cikinta. Duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya hau ɗayan, wai in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa na riƙe da komai. Ya ajiye ta a ƙasa a kusurwar falo, ya ce kada a taɓa ta, kada a kashe ta, ya hau jirgi ya yi gaba.

Wata biyar da suka wuce ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba, magana kuwa ta tafi ta bar masa kalma ɗaya tak: "To." Ruwa yake so, "to." Ransa ya ɓaci, "to." Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci. Wallahi akwai ranar da na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana na ƙoshi, don kada Umma ta ji.

Likitar da ke koya masa magana ce ta tambaye ni ko muna da muryarsa ta da. Ta ce a riƙa kunna masa, wani lokaci baki kan bi abin da kunne ya saba ji. Na ce muna da ita har ta yi yawa. Da alfahari ma na faɗa.

Ranar Asabar da safe ba ni da aiki. Na ɗauko kwamfutar cinya ta gidan, na buɗe Rumbu kamar yadda Yaya ya taɓa nuna mini, na danna hira ta farko. Ta yi ta juyi. Na je na ɗora ruwan shayi na dawo, tana nan tana juyi. Na yi tsaki na kira shi ta bidiyo.

"Yaya, kayanka sun ƙi buɗewa."

"Auta, ke dai ba kya gaisuwa?"

"Ina kwana. Kayanka sun ƙi buɗewa."

Ya sa ni na danna nan na danna can, har muka kai wani shafi da ya ce shi ne na lafiyar faifai. Na haska masa da waya. Sai na ji ya yi shiru. Na san irin wannan shirun, shi likitoci ke yi in sun duba takardar gwaji kafin su ɗago kai.

"Faɗa mini kawai," na ce.

"Na farko ya mutu. Ya yi wata shida da mutuwa. Na biyun shi kaɗai ke ɗauke da komai, kuma shi ma ba shi da lafiya. Kin ga inda aka rubuta arba'in da takwas? Wuraren da suka lalace a jikinsa ke nan. Ki ga zafinsa kuma, hamsin da tara! A murhu kuka sa ta ne?"

"Kana da wani kwafin a wurinka ai."

Ya sosa ƙeya. Wayar da ya yi naɗin da ita ta faɗa ruwa bara. Ya yi ta cewa zai kwashi wani kwafin in ya zo, bai zo ba. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganganun da ba a gaya wa yaya. Bai rama ba. Ya ce dai in nuna masa inda Rumbu take.

Na juya wayar zuwa kusurwar falo.

"Mene ne wannan?" ya ce. "Ina kwamfutar?"

"Tana ciki mana."

Abin da ya faru shi ne, bayan tafiyarsa Baba ya yi ta kallon kwamfutar nan a ƙasa, tsirara, wayoyi a warwatse, ya ce abin kunya ne a gidan kafinta. Ya auna ta ta ko'ina, ya yi mata kabad na jan katako daidai jikinta. Shi kuwa Baba duk alfaharinsa a sana'a shi ne ba ya barin kafa. In ya haɗa katako biyu, ko allura ba ta samun wurin shiga. Ramin da ya huda wa wayoyi ma daidai kaurinsu ne. Don haka ba iskar da ke shiga, ba wadda ke fita, kuma jar fitilar da ta yi wata shida tana gargaɗi tana bayan ƙofa, ba mai ganinta. Kabad ɗin nan shi ne aiki na ƙarshe da Baba ya gama da hannunsa.

"Kashe ta yanzun nan," Yaya ya ce. "Duk juyin da faifan nan ke yi, daga kwanansa yake ragewa. Ki nemo sabo a yau, a kwafe kafin ya bi ɗan'uwansa."

Na buɗe ƙofar kabad ɗin, wani hucin zafi ya bugi fuskata. Na danna maɓallin na kashe.

A layin masu gyaran waya da kwamfuta akwai wata mata da ake kira Mai Tabarau, shagonta na ƙarshe ne, bayan mai walda. Wurin bai fi faɗin gado biyu ba. Gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi, ga ƙwaryar roba cike da 'yan sukurori, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya a kan tebur. Na miƙa mata takardar da na rubuta abin da Yaya ya faɗa, na nuna wani faifai a cikin gilashi da na ga girmansu ɗaya.

"Ba ni wancan, Hajiya, sauri nake."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wane aiki kike yi?"

"Jinya."

"In mara lafiya na neman jini, kowane leda kika gani a firij kike ɗaukowa don launinsu ɗaya?"

Na sauke hannun da nake nuna faifan da shi.

"To wancan ba jinin injinku ba ne. Irinsa in aka ɗora masa dogon aiki sai ya tsaya yana haki a tsakiya, injin ya ɗauka ya mutu ya tofar da shi. Ki sake farawa daga farko. Tsohon naku kuma, yadda kika kwatanta shi, sau ɗaya zai iya wannan tafiyar, ba sau biyu ba."

Ta jawo wani daga ƙarƙashin tebur, ta ce daga cikin akwatinsa na roba ta ɓare shi, sabo ne fil, kuma irin mai juriya ne. Ba ta ce in yarda da bakinta ba. Ta jona shi a kwamfutarta ta juyo mini da allon: wurin da ya lalace babu ko ɗaya, awannin da ya yi aiki uku. Ta naɗe shi a leda mai kumfa, ta rubuta lambarta a bayan takardata.

"In ya yi miki gardama ki kira ni. Kada ki buga shi, kada ki girgiza shi. Na ga alamar kina da zafin hannu."

Na dawo gida bayan azahar, sai ga wata sabuwa. Kafin a sa faifai dole a buɗe gefen kwamfutar, kafin a buɗe gefenta dole ta fito daga kabad, ita kuwa ta ƙi fitowa. Akwai wani ɗan leɓen katako a gaba da ya tare ta sama da ƙasa. Na duba baya, ba ƙusa, ba sukuru, ba komai, sumul kamar a haka bishiyar ta tsiro. Na ja, na tura, na karkata. Gumi ya jiƙa ni. Na shiga ɗakin kayan aikin Baba na fito da guduma da kurfi.

Umma ta fito daga kicin ta tsaya tsakanina da kabad ɗin, ludayi a hannu.

"Me za ki yi?"

"Bayansa zan ɓalle, Umma."

"Ba a gidan nan ba."

"Umma, muryarsa ce a ciki!"

"Wannan kuma hannunsa ne," ta ce. "Bakin ya tafi, hannun ya tafi, ɗan abin da hannun ya bar mini shi za ki sa wa guduma ina kallo?"

Na so in ce katako ne fa kawai, amma na dubi fuskarta na haɗiye. Mu biyu muka tsaya cirko-cirko, kowa na da gaskiya, kowa na jin haushin ɗan'uwansa.

"To!"

Baba ne daga kujerarsa ta bakin taga. Mun manta da shi sam, kamar yadda muka saba mantawa tun da ya daina magana, Allah ya yafe mana. Yana buga sandarsa a ƙasa. "To! To!"

"Malam, ruwa?" Umma ta ce.

Ya harare ta. Ya nuna kabad, ya nuna kansa. Muka kama shi ni da ita, muka jawo kujerar har gaban kabad ɗin. Ya dubi gudumar da ke hannuna da irin kallon da yake yi wa sabon almajirin sana'a in ya riƙe zarto a karkace, na yi maza na ajiye ta. Ya miƙa hannun hagu, wanda bai taɓa aiki da shi ba, ya lalubi ƙarƙashin kabad ɗin ta gefen dama. Ya kuskure, ya sake. Na miƙa hannu zan taya shi ya buge mini yatsu. A karo na uku sai muka ji ƙas. Wani ɗan fegin katako da bai kai ɗan yatsa ba ya faɗo a tafinsa, bayan kabad ɗin gaba ɗaya ya zame sama sulululu kamar murfin akwati.

"Ikon Allah," Umma ta ce. "Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, yana ɓoye mini ƙofofi."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin ciwon.

Na fito da Rumbu na ɗora a teburin cin abinci. Yaya na kan waya, na jingina shi da gwangwanin sukari yana ba da umarni. Na kwance sukurori huɗu, na zare mataccen faifan, na zura sabon, na jona masa wayoyi biyu, siririya da mai faɗi. Na jawo fankar ɗakin Umma na saita ta a kan injin. Na yi bisimilla na kunna.

Tsohon faifan ya tashi da wani ɗan ƙara, ƙyat, ƙyat. Sabon ko motsi.

"Ba ya ganinsa," Yaya ya ce. "Kashe. Sake jona wayar."

Na kashe, na sake, na kunna. Babu. Muka canja waya, muka canja rami. Babu. Sau uku ke nan ina ta da tsohon a banza, da na duba shafin lafiyarsa arba'in da takwas ta koma hamsin da uku. Yaya ya fara cewa ƙila matar nan mataccen kaya ta sayar mini. Na ce da idona na ga yana aiki, ya yi mini shiru in yi tunani. Na katse shi na kira Mai Tabarau.

"Hajiya, faifanki ya ƙi tashi."

"Kin buga shi?"

"Ban buga ba!"

"Sa yatsa a bayansa ki kunna. Kina jin yana rawa?"

"Kamar dutse."

"Injin naku tsoho ne?"

"Ya girmi wasu ma'aikatanmu."

Ta yi dariya. "Laifina ne, da na tambaye ki tun a shago. Lafiyarsa ƙalau, barci yake. Zare shi ki duba inda waya mai faɗi ke shiga, za ki ga 'yan haƙora masu ruwan zinare a jere. Ki ƙirga daga gefen da ke da 'yar lanƙwasa. Na ukun nan, in wuta ta taɓa shi, ce wa faifan yake yi ya kwanta. Sababbin injuna sun san haka, ba sa ba shi wuta. Tsohon naku bai sani ba, yana ta ɗura masa. Ki rufe haƙori na uku da siririn salatif, shi kaɗai, kada ki haɗa da na huɗu."

Na duba haƙoran. Kowanne bai fi ƙwayar shinkafa faɗi ba. Na kira Yaya na gaya masa, ya ce kash, ya taɓa karanta wannan, amma shi hannunsa ba zai iya ba, ko za a jira Litinin a kai wa matar. Na ce tsohon faifan ba shi da Litinin.

A nan ne dai aikina ya yi mini rana. Wadda ta saba neman jijiya a hannun jaririn da bai cika wata bakwai ba, haƙorin faifai ba zai ba ta tsoro ba. Na wanke hannu har gwiwa, don haka na saba. Na ɗauko hantsaki da ƙaramin almakashi daga jakata, na ari tabaran karatun Umma na ɗora a hanci. Na yanka salatif siriri kamar zare. Na farko ya naɗe, na biyu ya hau haƙori na huɗu na cire. Umma na haska mini da tocila tana ta addu'a a kunnena har na ce ta rage murya. Na uku ya zauna daram. Na danne shi da bakin hantsaki, na zura wayar a hankali.

Na kunna, na ɗora yatsa. Sai na ji shi, wata 'yar rawa a ƙarƙashin fata kamar bugun jijiya.

"Ya gan shi!" Yaya ya yi ihu daga jikin gwangwanin sukari. "Auta, ya gan shi!"

Kwafin ya ɗauki kwana ɗaya da yini. Na roƙi abokiyar aikina ta karɓar mini aikin Lahadi. Na sami takarda na ja layi, duk awa ina rubuta zafin tsohon faifan da adadin wuraren da suka lalace, kamar yadda nake yi wa mai naƙuda. Zafin ya sauka zuwa talatin da takwas, fankar Umma ta yi aikinta. Amma ɗaya lambar hawa take yi. Sittin. Saba'in da ɗaya. Da kwafin ya kai kashi tamanin da shida sai ya tsaya cak, tsohon yana ƙyat, ƙyat, ƙyat, kusan minti arba'in. Na hana kowa taka ƙasa da ƙarfi. Umma ta ɗauke abinci zuwa tsakar gida don kada a jijjiga teburin. Baba ya ƙi komawa bakin taga, yana zaune yana kallon injin kamar mai jiran gam ya bushe. Sai lambar kwafin ta motsa, kashi tamanin da bakwai.

Ranar Lahadi da la'asar ya gama. Yaya ya karanta sakamakon: hira ɗari biyu da tara sun haye lafiya. Uku sun lalace, ba za su dawo ba.

"Alhamdu lillahi," Umma ta ce. Ni ma na faɗa, da zuciya ɗaya. Sannan na ce ya karanto mini sunayen ukun.

Ɗaya kan yadda ake gane katakon da bai bushe ba. Ɗaya kan wata tafiya da motarsu ta lalace a hanya. Ya yi jim kafin ta ukun.

"Karanta mana," na ce.

"Ranar da aka haifi Auta."

Ban ma san akwai ta ba. Ashe Yaya ya taɓa tambayarsa, ya yi minti hamsin yana ba da labarin, ni ina wurin aiki. Ban taɓa ji ba, yanzu kuma ba zan ji ba. Na ce ba komai, ɗari biyu da tara ai ba kaɗan ba ne. Na faɗa da ƙarfi don in ji da kunnena. Na danna hira ta farko da ta zo hannuna don kada a ga idona.

Muryar Baba ta cika falon. Cikakkiya, mai sauri, yana ba da labarin wani mai gida da ya sa a yi masa ƙofa kafin a gina bango, yana dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Umma ta toshe baki da gefen mayafi. Ni kuwa abin da nake riƙewa ya ƙwace, na kifa kai a tebur ina kuka kamar yarinya, rabi na murna, rabi na hirar nan tawa guda ɗaya da ta tafi.

Sai na ji sanda na taɓa ƙafata.

Na ɗago. Baba na kallona. Leɓensa na motsi, yana bin muryar da ke fita daga injin, yana kuskurewa, yana sake kamawa. Na tsayar da hirar. Ya nuna ni da hannun hagu, sannan ya dafa ƙirjinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Na jira "to" ɗin da na saba.

"I... ina," ya ce. Ya numfasa, ya runtse ido. "Ina... nan."

Ba wanda ya yi motsi. Yaya ma a cikin waya ya sandare.

"Malam," Umma ta ce a hankali, "kai za ka sake ba ta labarin?"

"To," in ji Baba.

Na share fuska da bayan hannu. Na ce wa Yaya ya yi haƙuri zan katse shi, ina bukatar wayar. Na danna wurin naɗar murya, na ajiye ta a kan cinyar Baba, na jawo kujera na zauna a gabansa. Na ce, "Baba, da safe aka haife ni ko da yamma?"

Mun fi awa ɗaya a haka. Kalma huɗu muka samu a ranar, kuma na ajiye su a wuri biyu.